Ranar da Janwe Ta Ƙi Gaba

Tun ranar da Yaya ta sayo janwe, motar jan motocin da suka lalace, ƙaninta Auta ya hana kowa a layin garejin ya kira shi Auta. Ya ce daga yau sunansa Injiniya. Duk wanda ya manta ya ce masa direba, sai ya ɗauke kai kamar da bango ake magana. Alhali abin da ya haɗa shi da injiniyanci bai wuce wayar aljihunsa ba, wadda yake wuni a kanta yana kallon wasu mutane suna kwance mota da farar riga, ko ɗigon mai bai taɓa su ba.

Tuƙi kam a ba shi abinsa. Auta zai shigar da mota lungun da akuya ma sai ta yi shawara kafin ta shiga, ya fito da ita ko fenti bai gogu ba. Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma irin mutanen nan ne da in Allah ya ba su abu ɗaya, sai su raina shi su tafi neman wanda ba a ba su ba.

Janwen tsohuwa ce, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare su. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya ƙirga har ya gaji ya tsaya. Giyarta otomatik ce, mai canza kanta ba sai an taka kuloci ba. Yaya, mai kantin fenti da siminti a bakin layin, filinta ta sayar ta saye ta, don Auta ya tashi daga kan benci ya daina gyara wa duniya zama da baki. Ranar da ta miƙa masa makulli ta riƙe ɗaya gefen, ba ta saki ba sai da ta gama magana.

"Ka tuƙa ta, ka wanke ta, ka zuba mata mai. Ranar da na ga sifana a hannunka, ranar makullina zai dawo jakata."

Wata biyu Yaya ta yi tana sintiri a kamfanin motocin safa da ke ƙarshen babban titi, har manaja ya yarda zai gwada su. Kamfanin na neman janwe ɗaya da zai ba aikin shekara guda, duk safar da ta mace a hanya ita za ta janyo. Ya ce su zo ranar Alhamis ƙarfe goma, su ja masa safa ɗaya daga tsakiyar haraba zuwa bakin ƙofa, yana tsaye yana gani. In sun yi, aiki nasu ne. In ba su yi ba, akwai masu jira.

Aibin janwen ɗaya ne. Da safe in an saka mata giya sai ta yi jim, kamar tsohuwar da aka ce ta tashi daga tabarma, sannan ta ɗauka. Baba Sannu-Sannu, tsohon bakaniken garejin tsallake, ya riga ya saurare ta. Shi Baba kafin ya kai ƙarshen magana ɗaya, mai sauri ya yi wanka ya shirya, amma shekara arba'in hannunsa na cikin giyabos ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ya ce tsufa ne, ba ciwo ba. A canza matatar mai, a rage tsohon man a ƙara sabo, a auna shi injin na aiki da zafinsa, shi ke nan, kada a tone mata ciki. Ya ce kuma sai bayan gwaji zai taɓa ta, don shi ba ya buɗe tsohuwar giya ana jibi babban aiki.

Ranar Talata Yaya ta tafi duba 'yarta da ta haihu, ta ce Alhamis daga tasha kai tsaye za ta wuce kamfani, su haɗu a can. Motar da ta hau ba ta gama shan kwana ba Auta ya aro akwatin sifanu wajen mai walda.

Ya tara mai walda da mai faci, maƙwabtansa na dama da hagu, ya yi musu bayani. Ya ce wannan jim ɗin shi zai kunyata su a gaban manaja. Ya ce zai kwance giyar ya wanke ta ciki da bai, ranar Alhamis janwe ta zabura kamar zomo. Rage mai a ƙara mai kuwa, a cewarsa, wannan aikin mai girki ne, ba na injiniya ba.

Mai faci, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce, "Injiniya, ka taɓa buɗe irinta?"

"Sau goma sha ɗaya."

"A ina?"

"A waya."

Ya saka farar riga kamar mutanen wayar, ya shige ƙarƙashin mota. Kaskon da ke ƙasan giyabos yana da noti wajen ashirin, cike yake kuma da mai. Mai hankali gefe ɗaya yake sassautawa, man ya tsiyaye a hankali. Auta ya bi su reras ya kwance duka, yana kwance daidai ƙarƙashin kaskon, yana yi wa ƙafafun mutane lacca. Notin ƙarshe na fita, kasko ya sauka a ƙirjinsa da duk abin da ke ciki.

Man giya ja ne. Auta ya fito jajir daga gashi har cibiya, yana lalube. Wata mata da ke wucewa ta yar da jakarta ta hau ihu mota ta danne mutum, nan da nan layi ya cika. Sai da ya tofar da wanda ya shiga bakinsa sannan ya tambayi jama'a lafiya. Ya ce haka gwanaye ke gwada mai, a jiki, don yatsa yana ƙarya. Mai faci ya ce in dai haka ne, ba a taɓa gwada mai kamar yau ba.

Bayan kasko akwai wani farantin ƙarfe mai kauri, cike da 'yan hanyoyi kamar gidan tururuwa. Ta nan mai ke bi ya tura giya inda za ta shiga. A wayar akwai wurin da mai farar rigar ke tsayawa yana dogon bayani a kan wannan farantin, amma Auta kullum tsallake wurin yake yi, don shi ba ya son mutum mai surutu. Ya sauko da farantin, ya ɗora a benci, ya kwance notinsa, ya raba shi biyu a kife.

Sai ga wasu 'yan ƙwallayen ƙarfe suna zubowa, tas, tas, tas, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba, suka bazu a ƙasa. Mutum uku suka durƙusa suna bin su ƙarƙashin benci da bayan taya. Aka tsinto bakwai.

Auta ya tsura musu ido, bai san inda suka fito ba. Amma ya ɗago ya ga idanu wajen ashirin a kansa, sai ya ɗaga tafin hannu sama.

"Ga cutar."

Ya ce wani boris ne, irin zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye a ciki, ya fashe tun zamanin mai motar na farko, 'ya'yansa suka yi ta yawo suna toshe hanyar mai, shi ya sa take jim. Ya ce shekara da shekaru makanikai na wucewa ta kansu ba su gani ba. Ya wanke su, ya zuba shida a kwalba ya ɗora a gaban gilashin janwe don masu zuwa kallo. Ta bakwai kuwa ya yi mata aiki. Yana da wani usur na ƙarfe da yake kore mutane da shi in yana jan mota, ɗan cikinsa ya daɗe da ɓata. Ya jefa ƙwallon ciki, mai walda ya ɗiga masa walda a baki. Da ya busa, sai da karnukan layi uku suka amsa.

Ƙarar ce ta tsallako da Baba Sannu-Sannu. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Auta, waɗannan ƙwallayen ai..."

"Injiniya."

"Injiniya, waɗannan ƙwallayen ai su ne..."

"Su ne cutar. Na sani, Baba, na riga ka gani. Kada ka ji kunya, ido ne, yana tsufa."

Laraba da safe Baba ya sake tsallakowa, ya kai daidai "ai su ne", Auta ya busa usur don nuna wa wani baƙo. Da yamma ya dawo na uku, Auta na hango shi ya ja ƙofar gareji ya ce ana aikin da ba a son ƙura. Baba ya nemi Yaya a waya, ya tarar ta kashe don kada a tayar mata da jika.

Auta ya haɗa komai ya ɗaure. Noti uku suka yi saura da wani ɗan sifirin. Ya ce kamfani ne ke ƙara su don a ce motar na da nauyi. Ya ɗura sabon mai, ya ƙi tayar da ita. Da mai walda ya ce ko za a ɗan zagaya layi a gani, sai ya ce sabon mai sai ya kwana ya saba da gida, kuma mai gwaji shi ne wanda bai yarda da hannunsa ba.

Alhamis ƙarfe tara ya fito da sabuwar riga, sai dai bayan kunnuwansa har yanzu da sauran ja. Janwe na ajiye hancinta na kallon bango, don haka da baya za a fara fita. Ya tayar, ya saka ribas. Ko jim ba ta yi ba, ta ɗauka nan take, ta sulalo titi kamar ruwa. Mai walda ya tafa. Mai faci ma, da ya zo da dariyarsa a shirye, ya mayar da ita aljihu. Auta ya leƙo ta taga ya ce a gaishe masa da Baba in ya iso, don Baba bai taɓa buɗe gareji kafin goma saura ba.

Ya saka giyar gaba, ya taka totur.

Injin ya yi ruri. Janwe na nan kamar an dasa ta.

Ya mayar, ya sake sakawa. Ya kashe, ya tayar. Ya taka har gilashin kantin Yaya ya hau rawa, tayar ko motsi. Mai faci ya matso ya ce wataƙila tunani take yi irin na da, sai dai yau tunanin ya yi zurfi. Auta ya dubi agogo, tara da rabi. Kamfani kilomita uku. Ya dubi kwalbar da ke gaban gilashi, ya yi sauri ya ɗauke ido. Ya tuna jakar Yaya, da yadda zif ɗinta ke ƙara in ta rufe.

Ya sauko ya sanar da jama'a cewa ba a fara tafiyar gaba da giyar da aka wanke. Kilomita ukun farko da baya ake yi, don haƙoranta su zauna. Ya ce duk wanda bai san wannan ba kada ya ƙara cewa ya san mota. Ya ɗora mai faci a baya kusa da ƙugiya, ya ba shi jan tsumma, shi kuma ya saka usur a baki, ya maƙale wuya a taga.

Haka suka hau babban titi, janwe na tafiya da ƙeya, usur na tsaga kunne, mai faci na kaɗa tsumma yana roƙon Allah da ƙarfi. Masu babur suka juyo suka bi su. Masu kanti suka fito bakin ƙofa. A bakin shataletale mai ba da hannu ya tare su, ya zagaya motar sau ɗaya yana neman inda zai tsaya ya yi magana.

"Malam, ina za ka?"

"Kamfanin safa, ranka ya daɗe."

"To me ya sa kake kallon gida?"

Auta ya ce ita janwe da bayanta take aiki, ƙugiya a baya take, sarƙa a baya take, saboda haka bayanta shi ne gabanta. Mai ba da hannu ya ɗaga hula ya sosa kai, ya rasa ta inda zai kama zancen. Kafin ya gama, Auta ya zagaye shataletalen da baya, tsakanin motar ruwa da mai kura, ko inuwarsu bai taɓa ba. Mutumin ya bar wa abokin aikinsa titi, ya hau bayan wani babur ya bi sahu, ya ce sai ya ga ƙarshen wannan abu.

Goma daidai suka shiga harabar kamfani. Yaya na tsaye kusa da manaja da jakar tafiyarta. Ta ga janwe ta shigo da baya, ta ga jama'ar da ke biye, ta ga kwalba a gaban gilashi. Ita ta goya Auta, ta san shi tun bai san kansa ba.

"Auta, me ya samu kunnenka?"

Ya yi kamar ƙarar inji ta hana shi ji. Manaja kuwa abin ya burge shi. Ya ce sauran da ya gwada sai sun ɓata minti goma suna juyi, wannan tun daga gida ya taho a shirye. Auta ya kai ƙugiya hancin safa a tashi ɗaya, ya diro ya ɗaure sarƙa, ya ja ya ji ta yi tam. Manaja ya gyaɗa kai, ya nuna bakin ƙofa, ya ce a ja.

Auta ya hau. Ya saka giyar gaba a hankali, yana lallashinta ƙasa-ƙasa da sunayen da bai taɓa kiran mace da su ba. Ya taka. Ruri. Ya ƙara takawa. Hayaƙi ya rufe maigadi.

Ya leƙo ya ce direban safar ne ya danne birki. Direban ya fito da ƙafafunsa biyu ta taga ya nuna wa jama'a. Auta ya ce to harabar ce ke da tudu. Maigadi ya ce shekara tara yana share ta bai ga tudun ba. Auta ya ce iska ce ta shiga man, yanzu zai fitar da ita, ya hau girgiza sandar giya gaba da baya ƙafarsa na kan totur. Sandar ta faɗa ribas, wurin da janwe ta iya.

Ta zabura kamar zomon da ya yi alkawari. Ta tura safa da baya taku goma, safa ta daki ƙafar tankin robar da ake wanke motoci da shi, tanki ya yi tangaɗi, ya sunkuyo, ya juye kansa kaf a kan manaja da takardunsa.

Wuri ya yi tsit, sai ƙarar ruwa na bin kwata. Cikin wannan shirun aka ji ƙiƙi-ƙiƙin keke. Baba Sannu-Sannu ne. Ya sauka, ya jingine keken, ya kulle shi, ya zo ya miƙa hannu ta taga ya ɗauko kwalbar.

"...su ne ke tsare ƙofofin mai," in ji shi. "In babu su, man sai ya bi inda ya ga dama. Tun Talata nake son in ƙarasa."

Dariyar da aka yi, har mai ba da hannu sai da ya dafa bango. Yaya ba ta yi ba. Ta tako ta cikin ruwan ta buɗe tafin hannu a gaban taga.

"Yaya, ai cewa kika yi in kin ga sifana a hannuna. Ba ki gani ba."

"A kunnenka na gani. Miƙo."

Zif ɗin jaka ya yi ƙarar da ya tuna.

Saura yadda za a fitar da janwe daga harabar mutane. Nan manaja, yana matse ƙafar wando, ya ce wannan mai sauƙi ne, safar lafiyarta ƙalau, don gwaji kawai aka ajiye ta. Aka kwance sarƙa, safa ta zagayo gaba, aka ɗaura mata janwe a baya. Kafin su tashi manaja ya kira mai ba da hannu ya tambaye shi ko gaskiya ne wannan mutum da baya ya taho tun daga layin gareji, har da shataletale. Ya ce a kan idonsa. Manaja ya juya wajen Yaya, ruwa na ɗiga daga haɓarsa.

"Uwargida, shekara ashirin ina ɗaukar direbobi, ban ga mai ribas kamar ƙaninki ba. Ku gyara mini tanki, ku dawo Litinin. In ta yi gaba, aiki naku ne. Amma a rubuta a takarda, ban da sitiyari kada ya taɓa komai."

"Ranka ya daɗe, da hannuna zan rubuta."

Suka koma ta hanyar da suka zo, safa a gaba, janwe na biye kamar tunkiyar da aka sayo, Auta na riƙe da sitiyari, Yaya na gefensa da jaka a cinya. Masu kantin ɗazu duk suna nan, sun ma kira 'yan'uwansu. A shataletale abokin aikin mai ba da hannu ya tsayar da motoci, ya sara musu, ya ce madalla, yau dai an kalli gaba.

A garejin Baba aka sauko da farantin. Baba ya zazzage kwalba a kan farin tsumma, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Shida. Ya ce ramuka bakwai ne, kuma irin wannan girman ba a samu a kusa, sai an aika, sati biyu in an yi sa'a. Litinin kuwa saura kwana huɗu. Yaya ta sa aka share garejin Auta har ƙarƙashin benci, aka tankaɗe sharar da rariya. Auta na tsaye gefe, hannu a aljihu, yana ba da shawarar a duba kwata. Mai walda ya dube shi, ya dubi sama, ya hau tari.

Baba ya ɗago a hankali. "Injiniya, busa mana... usur ɗin nan... in ji."

Da zarto aka yanka usur ɗin aka ciro ƙwallon, Auta na kallon gefe.

Ranar Litinin janwe ta ja safa har bakin ƙofa, ta ƙara da zagaye ɗaya kyauta. Aka sa hannu a takarda. Makulli yanzu a kantin Yaya yake kwana, ta ba shi da safe ta karɓa da yamma. Usur an liƙe shi, amma in ya busa iska kawai ke fita. A layin ba mai ce masa Auta, ba mai ce masa Injiniya, kowa Ribas yake kiransa, kuma yana amsawa. Duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar zai ji cewa shi ya samo aikin nan da dabara, don da bai cire ƙwallayen ba, yaushe manaja zai ga irin ribas ɗinsa.

Jim ɗin kuwa ya dawo, Baba ya ce da shi za ta mutu. Kowace safiya in ya saka giya ta tsaya tunaninta, sai idon Ribas ya zame zuwa akwatin sifanun mai walda, yatsunsa su fara ƙaiƙayi. Daga bakin kanti, ba tare da ta ɗago daga gwangwanin fenti ba, Yaya sai ta ja zif ɗin jaka sau ɗaya.

Ya mayar da hannu kan sitiyari. Janwe ta gama tunaninta, ta yi gaba.